Yadda Ake Kula da Fata Kafin da Bayan Cire Gashi da Allurar Lantarki, Don Kada Ya Bar Tabo

Tambayar da kusan kowace mace ke yi mini kafin ta kwanta a cire mata gashin haɓa ko na saman leɓe ita ce, "Anti, ba zai bar min baƙi ba?" Yana iya bari, musamman a irin fatarmu. Amma yawancin baƙin da nake gani a fuskokin matan unguwannin Nima da Mamobi da Madina a Accra, da an kiyaye wasu abubuwa da bai fito ba. Wasu abubuwan suna hannun mai aikin, mafi yawansu suna hannunki.

Ga abin da ake yi, don ki san abin da za ki yi jinya. Ana zura wata siririyar allura mai kaurin gashin kansa, ta bi ramin da gashin ya tsiro har ta kai saiwa, a saki ɗan lantarki ya kashe saiwar, sannan a zare gashin da hantsaki. Wannan shi ne ilektirolisis. Tsohon aiki ne, don tun 1875 wani likitan ido a birnin St. Louis na Amurka, Charles Michel, ya ba da labarin yadda ya yi amfani da shi wajen cire gashin ido mai lanƙwasowa ciki yana sukar ido. Ba ruwansa da launin fata ko launin gashi, har furfura yana kashewa, wadda injin cire gashi da hasken leza ba ya kamawa. Sai dai kowane gashi da aka kashe ɗan ƙuna ne aka yi a ƙarƙashin fata. Baƙar fata kuwa duk inda ta ƙone, ko ta kumbura, ko aka ƙuje ta, sai ta tara melanin a wurin, wato sinadarin da ke ba ta launi. Shi ne baƙin tabon. Don haka abin da muke nema shi ne ƙunar ta zama ƙarama, ta warke da wuri, kada a sake tsokanarta.

Sunayen magunguna zan rubuta su yadda suke a jikin kwali, don ki gane su in kin je kemis.

Kayan da za ki tanada tun kafin ranar

- Sabulun wanke fuska mai laushi, marar ƙamshi, marar tsakuwoyin gurza. In babu, sabulun jarirai ya wadatar. Sabulun salo da muke saye a Makola ko kasuwar Nima yana da kaifin toka, a ɗaga masa ƙafa har wurin ya warke.
- Sabuwar reza, ko ƙaramin almakashi.
- Auduga mai tsabta ta kemis, da tishu.
- Ruwan gishiri na wanke ciwo. Ana sayar da na kwalba a kemis. In ba ki samu ba, ki tafasa ruwan leda ɗaya, mililita 500 ke nan, ki zuba shafaffen cokalin shayi ɗaya na gishiri, ki rufe ya huce. Kullum a haɗa sabo, na jiya a zubar.
- Ƙanƙara da hankici mai tsabta. Ranar da aka ɗauke wuta, ruwan leda mai sanyi daga mai sayarwa ya isa, a wanke bayan ledar kafin a naɗe ta.
- Ruwan alobera na kwalba, fari kar, wanda ba a sa masa turare ko barasa ba.
- Ƙaramin basilin, sabo, wanda yatsun gida ba su riga sun shiga ba.
- Man kariyar rana mai lamba SPF 30 ko sama da haka.
- Wankakkiyar rigar matashi, laima, da hijabi na auduga wanda bai ɗame haɓa ba.

Man goge tabo kada ki saya tukuna. Da yawa ba sa kai wa ga buƙatarsa.

1. Fara da duba abin da kike shafawa, da dalilin gashin

Nan ne nake ɓata lokaci da mutane, har wasu su ji haushi, amma nan ne rabin maganar. Kwaso duk mayukan da kike shafawa a fuska, har da wanda ƙawa ta haɗa miki a kwalba marar suna, ki karanta jikinsu. In kin ga clobetasol, ko betamethasone, ko hydroquinone, to fatarki ba ta shirya karɓar allura ba. Biyun farko sitiroyid ne masu ƙarfi, maganin cutar fata ne da likita kan rubuta na ɗan lokaci, mu kuma muka mai da su man haske. Suna sirantar da fata, suna jinkirta warkewar ciwo, suna buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta. Abin da mutane ba su sani ba, su kansu suna tsiro da gashi a fuska. Sau da yawa mace ta zo a cire mata gashin kumatu, alhali man da take shafawa dare da rana ne ke shuka shi. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta hana shigo da kayan shafa masu hydroquinone tun 2016, amma duk wanda ke shiga kasuwa ya san ba su ɓace ba, wasu ma ba a rubuta shi a jikinsu. Man da ya haskaka ki cikin mako biyu, ki zarge shi ko da kwalinsa ya yi shiru.

In kin daɗe a kan mai sitiroyid, kada ki yanke shi dare ɗaya, don fuska kan yi bore da ƙuraje da zafi da ƙaiƙayi. Ki ga likitan fata ya janye miki shi sannu a hankali, fatar ta dawo hayyacinta, sannan a yi maganar allura. Wannan kan ɗauki makonni, wani lokaci watanni. Ni dai fatar da na ga ta yi sheƙi, jijiyoyi na nunawa ta ciki, ba na taɓa ta ko nawa za a biya.

Sai dalilin gashin. In ya zo tare da rikicewar al'ada, da ƙurajen fuska, da ƙiba, akwai yiwuwar matsalar sinadaran jiki ce da likitoci ke kira PCOS. Allura tana kashe saiwar da ta taɓa, amma ba ta hana jiki tayar da sababbi, don haka a haɗa da ganin likitan mata. In kuwa gashin ya taso farat ɗaya cikin 'yan watanni, murya ta fara kauri, asibiti za ki fara zuwa, ba wurina ba.

Ki faɗa wa mai aikin in kina da ciwon sukari, ko juna biyu, ko na'urar daidaita bugun zuciya a ƙirji, ko kina shan maganin tsinka jini, ko ƙurajen zazzaɓi kan feso miki a leɓe. Wadda ta sha isotretinoin don ƙurajen fuska, yawancinmu muna jira wata 6 bayan ta gama. Gashin da ya fito a kan tawadar Allah ba a taɓa shi sai likita ya duba. Sannan ki duba jikinki da kanki: hujin kunne, tabon rigakafi na kafaɗa, tabon tiyatar haihuwa. In ɗayansu ya tsiro, ya yi tudu mai tauri ya wuce iyakar ciwon, jikinki mai yin keloyid ne, kuma dole a sani kafin a fara.

2. Zaɓen mai aikin, da gwaji

Duk kulawar duniya ba ta gyara ƙunar da aka yi da hannun da bai iya ba. Tambayi ko ta saba da baƙar fata da murɗaɗɗen gashi, ki nemi ganin hoton aikinta bayan wata ɗaya ko biyu, ba na ranar da aka gama ba. Allura ta zama sabuwa, a farke ledarta a gabanki, a jefar bayan an gama. Hantsaki ya fito daga injin kashe ƙwayoyin cuta, ba a goge shi da auduga kawai ba. Safar hannu sabuwa. Ciwon hanta nau'in B ya yi yawa a ƙasar nan, ba abin jin kunya ba ne ki tambaya.

Hanyoyin aikin uku ne. Galbanik yana haɗa wani ruwa mai kaifi, irin sodar sabulu, daga gishiri da ruwan da ke cikin ramin gashin, shi ke narka saiwar, amma yana da jinkiri. Tamolisis zafi ne tsantsa, yana da sauri. Na uku haɗin biyun ne. Gashinmu a murɗe yake, raminsa ma a lanƙwashe, allura kuwa miƙaƙƙiya ce. Ruwan galbanik yana gangarawa ya bi lanƙwasar, zafi kuwa inda bakin allura ya tsaya nan yake ƙonawa. Shi ya sa a haɓa da wuya na fi son haɗin. Akwai kuma allura mai rufi a jikinta, bakinta kaɗai ke sakin wuta, tana kare saman fata. Tambaye ta ko tana da ita.

Kafin a shiga tsakiyar fuska, a gwada a ɓoyayyen wuri, ƙarƙashin muƙamuƙi, gashi kamar 10. Ki koma gida ki zuba ido mako 2 zuwa 4. Mai jikin keloyid ta jira wata 3, don shi ba ya fitowa da wuri, kuma ta ji ta bakin likita tukuna. Amarya da ta zo saura kwana goma biki tana so a share mata haɓa, haƙuri nake ba ta, ta aske kawai, ta dawo bayan an watse.

Injinan gida da ake tallatawa a intanet, masu hantsakin lantarki ba sa kashe saiwa, masu allura kuma da su ake haƙa wa kai rami a fuska a gaban madubi.

3. Makonnin da suka rage

Daina tsigar gashi, da zare, da halawa, da man cire gashi, aƙalla mako 3 kafin ranar, kuma ba za ki koma musu ba har a gama aikin gaba ɗaya. Gashin da aka tsige babu hanyar da allura za ta bi, kuma yawan tsiga yana karkata ramin. Yawancin baƙin haɓar da ake zuwa mini da shi ma tsigar ce ta yi shi tun kafin allura. Aski ko datsewa da almakashi ba laifi. Aski ba ya ƙara wa gashi kauri, bakinsa ne kawai ke zama a yanke sai ya ji kaushi.

Saura kwana 2 zuwa 3, ki aske wurin, kina bin inda gashin ya kwanta. Wanda ya sake ɓullowa cikin kwanakin shi ne mai rai yana girma, shi ya fi mutuwa da allura. Tsawon milimita 1 zuwa 2 ya isa hantsaki ya kama.

Saura mako ɗaya, a ajiye dilka, da gurza fuska, da duk mai ɗauke da tretinoin, adapalene, retinol ko asid. Ki riƙa shan ruwa sosai, da daddare ki shafa mai. Lantarkin da danshi yake aiki, busasshiyar fata sai an ƙara mata wuta, ƙarin wuta kuwa ƙarin ƙuna ne. Saboda haka a hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, a ninka kulawa, man kaɗe ma ya yi har zuwa daren jajibiri. Da azumi kuma na fi son a zo bayan shan ruwa.

4. Ranar aikin

Nemi lokacin yamma, don ki fito rana ta yi sanyi ki wuce gida kai tsaye, kuma ranar da gobenta ba ki da fita. Wanke fuska, kada ki shafa komai, ba hoda, ba mai, ba turare. Ki ci abinci. In kina tsoron zafi, farasitamol ya isa. Akwai man kashe zafi mai lidocaine da prilocaine da ake shafawa kamar awa ɗaya kafin a fara, a rufe da 'yar leda, a ƙaramin wuri kawai. Yana aiki, amma a zaman farko na fi son mace ta zo ba shi, don zafin da take ji yana gaya mana ko wutar ta yi yawa.

5. Kina kwance, ki kasa kunne

Shigar allura bai kamata ki ji ta kamar suka ba, ramin da ke akwai take bi. Abin da za ki ji shi ne ɗan zafi na daƙiƙa kaɗan. Gashin da aka kashe daidai zamowa yake ya fito salin-alin. In kina jin ana fizgarsa, tsiga ake miki da tsada, zai dawo. In kuma kin ji ƙarar tas-tas, ko ƙaurin ƙuna, ko kin duba madubi kin ga bakin ramukan ya yi fari-fari ko toka-toka, wutar ta yi yawa ko allurar ba ta nutsa ba, saman fata ake ƙonawa. Daga nan ramuka da baƙi mai daɗewa suke fitowa. Ki yi magana nan take: "Anti, don Allah a ɗan rage." Matanmu akwai kawaici, sai a danne zafi a yi shiru don kada a ce an raina gwanintar mutum. Kawaicin nan a fuskarki zai zauna wata shida.

Inda gashi ya yi cunkoso, kamar tsakiyar haɓa da saman leɓe, ba a share shi tas a zama ɗaya. A tsame nan, a tsallake, a tsame can, don zafin wannan rami kada ya haɗu da na maƙwabcinsa. Saman leɓe minti 15 ya ishe shi a farko. Kin biya kuɗin awa guda kina so a cinye ta, na sani, to a raba ta wurare daban-daban.

6. Kwana biyun farko

Wurin zai tashi ƙanana-ƙanana kamar cizon sauro, da ɗumi da ɗan kumburi. A fatarmu ja ba ya nunawa sosai, sai ki ga wurin ya ɗan ƙara duhu. Wannan ba tabo ba ne tukuna, yakan kwanta cikin awanni zuwa kwana biyu.

Da isarki gida, wanke hannu da sabulu. Naɗe ƙanƙara a hankici ki ɗora minti 10, ki ɗaga minti 10, ki maimaita sau biyu ko uku. Kada ƙanƙara ta taɓa fata tsirara, ita ma tana ƙuna. Safe da yamma ki jiƙa auduga da ruwan gishiri ki dangwala, ba gogawa ba, ki bari ya sha iska, sannan ki shafa alobera kaɗan. Ganyen alobera na tsakar gida a bar shi tukuna, ruwan ɗorawar da ke fita daga ɓawonsa yana sa ƙaiƙayi. In ba ki da na kwalba, ruwan gishirin kaɗai ya isa. Man kaɗe da mayuka masu nauyi su jira kwana biyu, suna toshe ramukan su kawo ƙuraje.

Alwala ba ta hana komai. Ki yi da ruwa mai tsabta, ki bi wurin a hankali ba cuɗawa, ki dangwale da tishu maimakon tawul ɗin da kowa ke amfani da shi. In ruwan gidan ya kwana biyu a duro ko jarkar Kufuor, sa ruwan leda a fuska na kwanakin nan.

Abin da ya fi ba mu wahala a Accra shi ne gumi. Awa 24 zuwa 48 na farko a guji duk abin da zai jiƙa fuska da zufa: motsa jiki, tafiyar rana, cunkoson motar haya ta trotro da tsakar rana, wankan ruwan zafi, turara fuska, shiga teku. Masu koko da ƙosai da masu waakye, waɗanda sana'arsu a bakin wuta take, su sa zaman ya faɗo jajibirin ranar hutunsu, ko a samu yarinya ta riƙe murhun na yini ɗaya. Sai hijabi. Ɗinkin da ke ƙarƙashin haɓa daidai wurin da aka yi aiki yake zama, yana gurza yana tara gumi. Na sha ganin baƙi ya bi layin ɗinkin nan sak. A cikin gida ki saki haɓa, in za ki fita ki sa wankakke mai faɗi, ko ki yafa mayafi ki ɗaure shi sako-sako. Waya ma a riƙe ta nesa da kumatu.

Ba hoda, ba kwalliya a wurin sai bayan awa 24, in akwai ɓawo ma gara a ƙara haƙuri.

Abubuwan da za a ba ki shawara a gida, kada ki karɓa: lemun tsami, man goge baki, sifirit, Dettol tsantsa, Robb, kanwa, toka, kurkum. Kowannensu ƙara wa ciwon wuta yake. Lemun tsami ya fi su sharri, don ko a lafiyayyar fata in ya haɗu da rana yana ƙona ta ya bar baƙin da ke daɗewa.

7. Ɓawo: a nan ake cin jarrabawa ko a faɗi

Bayan kwana 1 zuwa 3, wasu ramukan kan yi ɗan ɓawo wanda bai wuce kan fil ba. Murfin ciwo ne, sabuwar fata na ginuwa a ƙarƙashinsa, kuma da kansa zai faɗi cikin kwana 7 zuwa 14. Kada ki ɓamɓare shi, ko da farce, ko da soso, ko da tawul. Ɓawon da aka cire kafin lokacinsa shi ke barin rami da baƙi, irin wannan ramin ma wani lokaci ba ya cikewa. In yana ƙaiƙayi, ɗora sanyi. In iskar hunturu ta busar da shi yana tsagewa, ɗan basilin a bakin auduga, a kan ɓawon kaɗai. Mai sosa cikin barci ta yanke farce.

Wani lokaci ƙananan ƙuraje masu farin kai kan fito, yawanci daga gumi ko taɓawa. Ɗumama ruwan gishiri ki dangwala, kada ki matse. Wani lokaci kuma za ki ga ɗigon baƙi a bakin rami bayan mako ɗaya ko biyu, guntun mataccen gashi ne fata ke turowa waje. Bar shi ya fito, kada ki bi shi da allurar ɗinki.

Ɓawo ƙanana jefi-jefi ba komai. Amma in kowane rami ya yi ɓawo a fuska, ko sun haɗe sun zama faifai, ko ruwan ɗorawa na tsatsowa, an wuce gona da iri. Ɗauki hoto ki nuna wa mai aikin.

8. Rana

"Ai mu baƙaƙe rana ba ta ƙona mu." Ƙuna daban, baƙi daban. Accra da Kumasi suna kusa da tsakiyar duniya, rana na da ƙarfi duk shekara, har a watan Agusta da gari ke lumshewa. Wurin da ke warkewa in rana ta buge shi, ƙwayoyin launi sai su ƙara himma, tabon da zai gushe cikin wata biyu ya kai shekara.

Daga bayan awa 24 ki fara shafa man kariyar rana kowace safiya, tsawon yatsu biyu na fuska da wuya, ki ƙara bayan kowace awa 2 in kina waje, da kuma bayan alwala. Mai zinc oxide ba ya raɗaɗi a sabon wuri, sai dai yana barin fari-fari a fatarmu. In da hali nemi mai ɗan launin ƙasa, mai iron oxide a ciki, ya fi dacewa da mu, kuma yana tare hasken rana na fili, wanda shi ma yana ƙara wa baƙar fata duhu. Yana da tsada, gaskiya ne. Wadda ba ta da hali ta riƙe laima, ta bi inuwa, ta mai da cefane da zirga-zirga safiya ko bayan la'asar. Wannan ba na mako ɗaya ba ne, har a gama aikin ne.

9. In baƙin ya riga ya fito

Kada ki firgita ki koma wa man haske, nan ne ake faɗawa rijiya ta biyu. Baƙin da ke saman fata, mai launin ƙasa-ƙasa, yana gushewa da kansa, yawanci cikin wata 6 zuwa 12, in an kare shi daga rana. Mai launin toka da shuɗi-shuɗi ya nutsa ciki, yana iya ɗaukar shekaru, na likita ne.

Don a gaggauta, a jira ɓawo ya gama faɗuwa, fata ta rufe sumul, kamar mako 2. Sannan a zaɓi abu ɗaya, ba a haɗa uku a lokaci guda ba. Niacinamide kashi 4 zuwa 5 cikin ɗari shi ne mafi laushi. Azelaic acid kashi 10 zuwa 20 ya fi ƙarfi, kuma shi na fi yabawa a fatarmu, yana ɗan cizo a farko. Adapalene kashi 0.1 da daddare kawai ake shafa shi, mai ciki ko mai neman ciki ba ta taɓa shi. Kowanne a fara da kaɗan, dare ɗaya a shafa dare ɗaya a huta. In ya sa fata saɓa da zafi, a rage, don tsokanar da yake yi ita ma baƙi take haifarwa. Ba a ganin canji sai an yi mako 8 zuwa 12. Saura mako ɗaya a koma zaman allura, a dakatar da azelaic acid da adapalene.

Hydroquinone magani ne na gaske a hannun likitan fata, na 'yan watanni a tsaya. Wadda ta ɗauki shekaru tana shafawa, yana iya juyewa ya bar baƙi mai shuɗi a kan kumatu wanda da wuya ya fita.

10. Rami, tudu, da lokacin zuwa asibiti

Ɗan lotsawa da ake gani a makonnin farko sau da yawa yana cikewa cikin watanni, fata tana ci gaba da gyara kanta har shekara. Kada a sake sa allura a wurin sai ya daidaita. In wuri ya fara tudu yana tauri da ƙaiƙayi, a dakatar da aikin gaba ɗaya. Man silikon na tabo yana taimakawa in fata ta rufe, kullum har wata 2 zuwa 3, amma keloyid na gaske allurar likita yake so, kuma gara tun yana ƙarami. Akwai likitocin fata a asibitin koyarwa na Korle Bu, na Kumasi kuma a Komfo Anokye.

Kada ki jira in kin ga kumburi na ƙaruwa bayan kwana na biyu maimakon raguwa, ko zafi mai zuga, ko mugunya, ko ɓawo mai launin zuma yana yaɗuwa, ko zazzaɓi, ko ƙuraje masu ruwa sun feso a leɓe. Mai ciwon sukari ta fi kowa gaggawa.

Maza masu fama da ƙurajen aski a wuya, gashi na murɗewa ya koma cikin fata, duk matakan nan sun shafe su, sai dai a bar ƙurajen su lafa kafin a fara. Ƙurajen ƙeya masu tauri kuwa na likita ne tun farko.

Zama na gaba sai ɓawon baya ya gama faɗuwa, a fuska yawanci mako 1 zuwa 2 a farko, daga baya tazarar ta ƙaru yayin da gashin ke raguwa. Gashi ba ya tsirowa lokaci guda, kashi-kashi yake fitowa, don haka aikin haɓa yakan ɗauki wata 12 zuwa 18 kafin a ce an gama. Ki riƙa ɗaukar hoto a bakin taga ɗaya, da hasken safiya, kafin kowane zama da kuma kwana uku bayansa. In kin nuna wa mai aikin manyan ɓawo ta ce ta rage wuta, aka sake zama abin bai canja ba, ki bar wurin ya warke sarai ki nemi wata mai aikin.